Na karanta Soshiyoloji, zan iya komawa kimiyyar bayanai da karatun kaina?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in maimaita tambayar taki a taƙaice saboda masu karantawa. Kin ce Soshiyoloji kika karanta, kin gama bautar ƙasa, yanzu kina koyarwa a wata makarantar kuɗi, lokaci-lokaci kuma ƙungiyoyin agaji kan ɗauke ki aikin tattara bayanai a ƙauyuka da KoboCollect, manhajar cike fom ɗin bincike a waya, shekaru sun ɗan haura talatin, kina son komawa kimiyyar bayanai amma ba ki da digirin kwamfuta ko na lissafi kuma babu halin komawa jami'a. Tambayoyinki su ne ko zai yiwu, ta ina za ki fara, wata nawa zai ci, sannan ko satifiket ɗin Coursera, dandalin kwasa-kwasan intanet, zai samar miki aiki.

Zai yiwu, amma ba ta ƙofar da masu tallan kwas suke nuna miki ba. Ta ƙofar aikin da kika riga kika sani za ki shiga, kuma sunan aikinki na farko da wuya ya zama "masaniyar kimiyyar bayanai", ki sa wannan a ranki tun yanzu don kar gwiwa ta yi sanyi daga baya.

Abin da ake kira kimiyyar bayanai a baki ɗaya, in kin shiga wurin aiki kashi-kashi ne. Akwai mai nazarin bayanai, shi ne wanda oga zai kira ya ce "me ya sa cinikinmu ya faɗi a Sakkwato watan jiya", ya je ya zaƙulo alƙaluma ya gyara ya zana ya dawo da amsa. Akwai injiniyan bayanai, mai gina hanyar da bayanai ke bi daga manhaja zuwa rumbun ajiya, wannan kam aikin masu rubuta kod ne sosai. Sai na ukun mai gina modal na hasashe, misali waye zai biya bashi waye zai gudu da shi. Na ukun nan shi kowa ke hange tun 2012 da mujallar Harvard Business Review ta zuzuta shi, amma a abin da nake gani a Najeriya guraben na farkon sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ko kamfanin da ya rubuta babban suna a tallan aikinsa in kin shiga sai ki tarar yawancin aikin Excel ne da SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbu, da rahoton ƙarshen wata. Saboda haka mai nazarin bayanai za ki nufa, daga can ki hau sama in kina so.

Kuma kina da wani abu a hannu da kike rainawa. Yaran da suka fito daga sashen kwamfuta sun iya kod amma da yawansu ba su taɓa ganin yadda ake samo lambobin da ke cikin fayil ba, ke kuwa kin gani da idonki. Kin san in aka tambayi tsohuwa shekarunta za ta ce "a sa arba'in", shi ya sa in aka zana shekarun mutane a irin binciken nan sai a ga sun taru a 30 da 35 da 40 da 50. Kin san tiya a wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da mudun waccan ba, buhu ma akwai mai kilo 50 akwai mai kilo 100, wanda bai sani ba zai haɗa farashinsu a kolum ɗaya ya fitar da shirme da zane mai kyau. Kin san akwai mai tattara bayanan da zai zauna gindin bishiya ya cike fom ashirin shi kaɗai, kuma kin san ta GPS da lokacin buɗe fom da rufe shi ake kama shi. Wani misalin, a rahoton rigakafi sai ki ga wata ƙaramar hukuma ta yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 na yaranta allura, wanda bai san fagen ba zai ce kuskuren kwamfuta ne, alhali ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 aka yi ta, duk adadin yaran da ake rabawa da shi hasashe ne daga wancan lokacin, ga 'yan gudun hijira ga masu tsallakowa daga maƙwabta. Wannan sanin ba a koyar da shi a YouTube, kuma shi ne abin da zai cike miki gurbin digirin da ba ki da shi.

Toh ta ina za ki fara. Da Excel, kuma kar ki ji kamar an raina ki. Ba Excel na shigar da makin ɗalibai nake nufi ba, ki koyi teburin pivot, mai taƙaita bayanai rukuni-rukuni, har ki iya shi ido rufe, ki koyi XLOOKUP na nemo bayani daga wani tebur, ko VLOOKUP in tsohon Office ne a kwamfutarki, ki koyi Power Query don gyara fayil mai datti ba sai kin bi layi-layi da hannu ba. A nan za ki fara haɗuwa da matsalolin da za su bi ki har ƙarshen aiki, lambar waya da sifilin farkonta ya ɓace saboda Excel ya ɗauke ta lamba ce ta lissafi, kwanan wata kamar 03/04/2024 da wani ya rubuta da nufin 3 ga Afrilu kwamfuta ta karanta 4 ga Maris irin na Amurka, da sunan da aka bar fili a bayansa ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ya isa in kina yi kullum.

Daga nan SQL, kuma a nan nake so ki daɗe. Excel layi 1,048,576 yake ɗauka a shafi ɗaya, tun kafin ki kai can ma kwamfuta ta fara nishi, bayanan banki ko na kamfanin sadarwa kuwa a rumbu suke zaune kuma da SQL ake magana da rumbun. Yaren ba shi da wuya, tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a IBM kuma har yau bai canza sosai ba, SELECT da WHERE da GROUP BY a sati biyu kin iya su. Inda ake gane wanda ya iya shi ne JOIN, wato haɗa tebur biyu. Misali na gida: Najeriya ƙananan hukumomi 774 gare ta, amma akwai sunaye da suka maimaitu a jihohi biyu, akwai Nasarawa a Kano akwai a jihar Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Irepodun da Ifelodun a Kwara da Osun. In kika haɗa teburin yawan jama'a da na asibitoci da sunan ƙaramar hukuma kaɗai ba tare da jiha ba, layukan nan za su ninku, jimillarki ta kumbura, kuma SQL ba zai yi miki ko tari ba, zai ba ki amsar cikin ladabi. Ga kuma rubutun suna, wannan fayil Dambatta wancan Danbatta, nan Birnin Kudu can Birni Kudu, waɗannan kuma zubewa za su yi ba ki sani ba. Saboda haka ki saba da ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, kullum. Shafin SQLBolt kyauta ne na farawa, akwai kwas ɗin SQL na CS50 daga Harvard shi ma kyauta, sai ki sauke manhajar rumbun bayanai irin SQLite ko PostgreSQL ki zuba naki bayanan ki yi ta yi musu tambayoyi. In kin kai kan abin da ake kira window functions kin gane su, kin wuce da yawa daga masu zuwa intabiyu.

Sai ƙididdiga, wadda na san ita kike tsoro, duk da kin yi ta a jami'a, ai babu ɗan Soshiyoloji da ya tsallake kwas ɗin hanyoyin bincike, wataƙila ma kin taɓa SPSS lokacin furojet. Don aikin mai nazari lissafin sakandare ya isa, abin da ake buƙata hankali ne. A ce a wata unguwa mutum tara kowa na samun naira 30,000 a wata, na goman ɗan kasuwa ne mai samun miliyan 3, in kika tara kika raba goma za ki ce kowa na samun 327,000, wanda ƙarya ce tsagwaronta duk da lissafin daidai ne, in kuwa kika jera su kika ɗauki na tsakiya 30,000 za ki samu. Sanin lokacin da za a yi amfani da wanne shi ne aikin. Haka maganar waɗanda aka tambaya, in ta waya aka yi binciken to matan karkara da ba su da wayar kansu ba sa ciki, kar ki fito ki ce "matan Jigawa sun ce". Manyan binciken ƙasa na gida-gida irin NDHS na 2018 kan lafiya ko MICS na 2021 kan halin mata da yara kowane gida da nauyin da aka ba shi a cikin fayil ɗin, saboda ba daidai da yawan jama'ar kowace jiha aka ɗebi gidajen ba, in kika manta nauyin nan alƙalumanki ba za su taɓa yin daidai da na rahoton hukuma ba. Ga wani misalin da ya faru, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa NBS ta ce hauhawar farashi kashi 34.80 ne a Disambar 2024, a Janairun 2025 ta ce 24.48, wanda ya zana layin kawai zai ce kaya sun yi sauƙi a wata ɗaya, alhali ma'aunin ne aka sabunta, aka mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024 aka sake nauyin kayan da ke cikin kwandon. Mai nazari na gari kafin ya zana sai ya karanta bayanin yadda aka tattara. Ki bi Khan Academy don tushe, sai tashar StatQuest a YouTube, mutumin yana bayani a hankali kamar da yaro yake. Ki tabbata kin gane iyakar kuskure a bincike, da gwajin hasashe, da rigireshan wato auna alaƙar wani abu da wani, da dalilin da ya sa tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan.

Kayan zane ki ɗauki ɗaya kawai. Power BI na fi gani a tallan aiki a nan, na kan kwamfuta kyauta ne amma sai Windows. In kwamfutar ba ta da ƙarfi akwai Looker Studio na Google da ke aiki a burauza. Sati uku ya isa ki fara yin dashbod, wato shafin da ke tara zane-zanen alƙaluma wuri ɗaya, kar ki ɓata wata uku kan zaɓen kala.

Python, yaren rubuta kod, sai bayan waɗannan. Na san kowa da shi yake cewa a fara, ni ban yarda ba ga mai irin yanayinki, saboda wanda ya fara da Python yana koyon abu biyu ne lokaci ɗaya, tunanin kod da tunanin bayanai, shi ya sa da yawa suke ajiyewa a wata na biyu su ce kansu ba ya ja. In kin riga kin iya pivot da GROUP BY, ranar da kika buɗe pandas, kayan Python na sarrafa tebur, za ki ga abin da kika sani ne aka sake wa rubutu. Maganar Python ko R kuma kar ta ɗauke miki sati, masu binciken lafiya da malaman jami'a suna son R da Stata, kamfanoni sun fi son Python, ɗauki Python ki wuce. CS50P, kwas ɗin Python na Harvard, kyauta ne kuma yana da atisaye masu sa gumi, littafin Wes McKinney wanda ya ƙirƙiri pandas ɗin shi ma yana nan kyauta a intanet. Ƙa'ida ɗaya, duk awa ɗaya na kallon bidiyo ki yi awa biyu hannunki a kan kibod. Kallon wani yana rubuta kod daɗi gare shi, sai ki ji kamar kin iya, sai an buɗe miki fanko an ce bismillah ki ga ba komai a kai.

Koyar da na'ura, wato ɓangaren modal da hasashe, shi ne na ƙarshe, kuma kina iya samun aiki tun kafin ki kai nan. In lokacin ya yi kwas ɗin Andrew Ng a Coursera wanda aka sabunta a 2022 ya koma Python har yanzu shi nake ba mutane, tare da scikit-learn, kayan Python na gina modal. A nan ne za ki buƙaci ɗan matiris da ɗan kalkulas da lissafin yiwuwa, ba mai zurfi ba, iya wanda zai sa ki gane me na'urar ke yi. Babban abin da za ki kiyaye shi ne modal na iya zama kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara, in kika maimaita masa tambayoyin ya cinye duka, in aka canza ko kaɗan ya faɗi warwas, shi ya sa ake ɓoye wani kaso na bayanan a gwada shi da su daga baya. In kika ga modal ɗinki ya ci kashi 99 kar ki yi murna tukuna, yawanci amsar ce ta silalo cikin tambayar, misali kina hasashen wa zai daina zuwa awon ciki amma cikin bayanan da kika ba shi akwai kolum na "dalilin dainawa".

Yanzu maganar satifiket. Shi kaɗai ba zai ba ki aiki ba, gaskiya ke nan. Na Google na nazarin bayanai da ya fito a 2021 yana da kyau wajen tsara wa mutum hanya, kuma Coursera na da tallafi ga wanda ba shi da kuɗin biya, cike fom ake yi a jira amsa, amma mutanen da suke da shi yanzu ba su ƙirguwa, mai ɗaukar aiki ya gan shi har ya gaji. Ki yi ɗaya ko biyu ki tsaya. Masu tallan "zama masani cikin sati shida ka fara karɓar dala" kuwa ki riƙe kuɗinki, kusan duk abin da za su koya miki yana nan kyauta, abin da ya cancanci biya shi ne mutum mai aikin da zai duba naki aikin ya gaya miki inda kika kauce, in ba wannan a ciki to bidiyo kawai aka sayar miki.

Abin da ke maye gurbin digiri shi ne aikin da za a iya buɗewa a gani. Kuma don Allah ba bayanan jirgin Titanic na shafin gasar bayanai Kaggle ba, wannan na koyo ne, duk wanda ya zauna teburin intabiyu ya gan shi sau ba adadi. Ki yi tambayar da wani a nan zai damu da amsarta. NBS na fitar da farashin kayan abinci jiha-jiha. A shafin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya akwai farashin hatsi da hukumar abinci ta WFP ke tarawa daga kasuwanni har da Dawanau da na bakin iyaka irin Jibiya da Illela, na shekaru da dama. Sai ki tambaya, a wane wata gero ya fi araha kuma nawa yake tashi kafin damina ta yi nisa, shin wanda ya saya da kaka ya ajiye yana cin riba kowace shekara ko wasu shekarun ne kawai in an cire hauhawar farashi, me ya faru da farashin bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023. Wannan aiki ɗaya zai sa ki gyara datti, ki daidaita ma'auni, ki haɗa tebur, ki zana, ki yi bayani. Na biyu ki ɗauko MICS ki duba zuwan 'ya'ya mata makaranta a jihohin arewa maso yamma gwargwadon karatun uwa da arzikin gida, wannan fagenki ne, za ki faɗi abin da ɗan kwamfuta ba zai lura da shi ba. Na uku in kin fara Python akwai NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan Inglish da aka yi wa alamar yabo ko suka, ke da kike jin Hausa za ki gane inda modal ya kasa fahimtar habaici da gatse, abin da wani a Indiya ko Turai ba zai taɓa ganowa ba. Kowanne ki sa a GitHub, shafin da ake ajiye kod kowa ya gani, da bayanin shafi ɗaya, me kika tambaya, ina kika samo bayanan, me kika gyara, me kika gano, ina kike da shakku. Uku masu kyau sun fi goma na kwafi.

Kar ki yi karatun ke kaɗai a ɗaki, shi ke kashe mutane. Akwai Arewa Data Science Academy da su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad suka kafa, suna horar da matasan arewa kyauta kuma da tsari, ki sa ido lokacin da za su buɗe ɗaukar sababbi. Akwai Data Science Nigeria na Bayo Adekanmbi, akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023 ƙarƙashin Bosun Tijani, akwai HausaNLP da Masakhane ga masu sha'awar harsuna, akwai She Code Africa na mata. Zindi kuma dandalin gasa ne na Afirka da aka kafa a 2018, matsalolin da ake sawa a can sun fi kama da namu, ki shiga ko ba za ki ci ba don ki ga yadda waɗanda suka ci suka yi. Amfanin wuraren nan bai tsaya ga karatu ba, yawancin aikin farko ta bakin wani ake jin sa.

Kayan aiki kuma, waya za ta yi miki kallon darasi amma ba za ta yi aikin ba, sai laftof. Na hannu ya isa in yana da RAM 8GB da SSD, ki fi duba lafiyar batir fiye da kyan jiki saboda halin wutar nefa. Aiki mai nauyi Google Colab zai ɗauke miki kyauta a burauza. Bidiyo ki riƙa saukewa da datar dare ki kalla da rana.

ChatGPT da 'yan'uwansa tun ƙarshen 2022 sun canza abubuwa, ba zan ɓoye miki ba. Suna rubuta SQL da Python cikin daƙiƙa, saboda haka wanda iyakar abin da ya iya shi ne rubuta kod mai sauƙi darajarsa ta ragu. Ki yi amfani da su a matsayin malami, ki liƙa saƙon kuskure ki ce a yi miki bayani, ki ce a ba ki atisaye, amma a watannin farko ki fara gwadawa da kanki kafin ki tambaya, in ba haka ba ranar intabiyu da za a ce ki rubuta a gabansu za a ji kunya. Sannan suna ba da amsa mara daidai da cikakken ƙarfin hali, maganar Nasarawa biyu ɗin nan in ba ki faɗa musu ba ba lallai su kula ba.

Samun aikin kansa. Hanya mafi kusa gare ki ita ce ta ƙungiyoyin da kike yi wa aiki, daga mai tattara bayanai zuwa mai duba ingancinsu, zuwa mataimakiyar jami'in M&E, wato sa ido da auna sakamakon aiki, zuwa jami'ar bayanai. Aiki na gaba da za a kira ki, ki je wurin mai kula da bayanan ki ce kina so ki taya shi gyara fayil da yamma, ki koyi tsara fom ɗin Kobo da XLSForm, in ɓangaren lafiya ne ki koyi DHIS2 tunda da shi ma'aikatar lafiya ke tattara rahoton asibitoci, kuma akwai darussansa kyauta a intanet. Sai dai ki sani tun Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje har aka kai ga rufe USAID, ayyukan ƙungiyoyi sun ragu kuma ƙwararru da yawa sun dawo neman aiki, saboda haka kar ki dogara da wannan layin kaɗai. Ki duba bankuna da kamfanonin POS da na rarraba kaya da na sola da na noma da asibitocin kuɗi. Ko makarantar da kike koyarwa, ki nemi izinin mai makaranta ki tsara musu bayanan biyan kuɗi da sakamakon ɗalibai, a ga wane aji ne ke zubar da yara kuma a wane zango, wannan gogewar aiki ce ta gaske da za ki rubuta a CV. Aikin dala daga gida yana nan amma ba na sabon shiga ba ne, gasa kike da duniya gaba ɗaya, ki bar shi sai kin yi shekara biyu kina aikin.

Inda rashin digirin fasaha zai taɓa ki shi ma in faɗa miki. Aikin gwamnati takarda ake bi, in an ce kwamfuta ko ƙididdiga to shi ke nan. Wasu manyan kamfanoni na'ura ce ke tace CV kafin mutum ya gani. Aikin bincike mai zurfi kan ƙirƙirarriyar basira yawanci sai da digiri na biyu ko na uku. Amma tallan aiki da yawa cewa suke digiri a kaza ko makamancinsa, kuma kimiyyar zamantakewa tana shiga a ayyukan M&E da na bincike, ke da kike da digiri da takardar bautar ƙasa kin riga kin tsallake shingen farko. In daga baya kin ga takardar na tare miki hanya, jami'o'i da yawa na da difloma ta gaba da digiri a kwamfuta ko ƙididdiga wadda ke buɗe ƙofar mastas, ki yi ta kina aiki, ba kafin aiki ba.

Wata nawa, toh ya danganta da awannin da za ki iya warewa. A kiyasina mai aiki da hidimar gida da ke samun awa ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wata tara zuwa shekara ɗaya kafin ta kai matakin neman aikin mai nazari, neman aikin kansa kuma yana iya cin wasu watannin, ɓangaren modal ki ƙara shekara a kai. Kar ki ajiye koyarwar, albashin ne ke sayen datar. Ki zaɓi lokacin da ba mai taɓa miki shi, ko bayan asuba ko bayan yara sun kwanta, kuma ki gaya wa mutanen gida tun farko abin da kike yi da tsawon lokacin da zai ɗauka don a ɗauke miki wasu abubuwan. Shekaru kuwa, shirye-shiryen bankuna na ɗaukar waɗanda suka gama jami'a kwanan nan aiki ne ke sa iyaka kuma kin wuce yawancinsu, amma ba ta nan za ki shiga ba dama, ke mai gogewar fage ce da ta ƙara ƙwarewa, haka za ki rubuta CV ɗin, aikin tattara bayanai a sama da sunan kayan aikin da kika yi amfani da su da girman binciken.

Abu ɗaya da nake gani sababbi suna yi wanda zai iya jawo miki matsala babba, kar ki ɗauki bayanan ƙungiya ko na makaranta ki sa a GitHub ko ki liƙa a ChatGPT don nuna aiki. Sunayen mutane ne da lambobin waya da GPS na ƙofar gidajensu, wani lokacin har da cutar da ke damunsu, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da hukumar NDPC da ke bibiya, ban da yarjejeniyar sirri da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki. Cire suna kaɗai ma bai isa ba, a ƙauye mai gida hamsin in aka bar shekaru da sana'a da yawan 'ya'ya kowa ya san wa ake nufi. In kina son nuna irin aikin, ki ƙirƙiri bayanan bogi masu tsari iri ɗaya ki rubuta a sama cewa na gwaji ne, ko ki tsaya kan na NBS da HDX da aka riga aka saki ga kowa.